Wa Ke Taɓa Min Ruwan Zogale?

Tun ina ƙarama aka san ni da zargi a gidanmu na Koki. In na ajiye takalmi a bakin ƙofa na dawo na tarar ya ɗan karkace, sai na bi 'yan gidan ɗaya bayan ɗaya ina tambayar wanda ya taka min. Goggo, ƙanwar mahaifinmu da ta riƙe mu bayan rasuwar iyayenmu, 'yar sanda take ce min. Ina jin haushin sunan, amma wallahi ba ta yi ƙarya ba. Wannan halin ne ya kai ni ya baro a shekarar da nake digiri na biyu a fannin haɗa sinadarai, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse don kunya.

Aikin nawa, in aka faɗi sunansa da Turanci, sai mutum ya zaci jirgin sama nake ƙerawa, alhali kuwa rabinsa dafa ganye ne. Za a dafa ganye a tataccen ruwa, a tace, a haɗa ruwan da narkakken gishirin wani ƙarfe da ake kira zinki, a yi ta juyawa a kan wuta sama-sama. In abin ya kama, sai ruwan ya gurɓace, wani abu ya kwanta a ƙasan kwalba kamar gasarar koko. Shi za a wanke, a busar, a gasa a tanda mai tsananin zafi har ya koma gari fari fat. Ƙwayoyin garin nan ƙanana ne ƙwarai, ko madubin da ake duba jini da shi a asibiti ba ya iya nuna guda ɗaya. Su ake kira nano. Amfaninsu kuwa, suna kashe ƙwayoyin cuta, kuma burinmu a wayi gari an yi man shafawa da su don masu gyambon da ya ƙi warkewa. Da irin wannan gyambon mahaifinmu ya bar duniya, ciwon suga ya ci masa ƙafa muna ji muna gani. Shi ya sa da aka baje mana batutuwan bincike ban ko kalli sauran ba.

Mu biyu ne a benci ɗaya a lab, wato ɗakin gwaje-gwajenmu: ni da wata 'yar Gwale. Ita da ganyen darbejiya take aiki, ni da zogale. Kakanninta daga Barno suka zo tun zamanin da ba wanda ya tuna, mu kuma asalinmu Fulani ne, ko da yake ko gaisuwa ban iya da Fillanci ba. To ka san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tun ranar farko da ta ji asalina ta tafa hannu ta ce, "Alhamdu lillahi, an kawo min mai wanke min kwalabe." Daga ranar ba ta sake kiran sunana ba, sai 'Yar Fillo. Ni kuma in ce mata Babarbariya. Tare muke cin abinci, tare muke hawa adaidaita sahu mu dawo cikin gari. Ranar Asabar takan biyo gidanmu, Goggo ta yi mata kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ta ci tana santi tana zagin Fulani, Goggo tana ramawa, gidan ya cika da shewa.

Ka'idar aikin, bayan an haɗa ruwan ganye da gishirin zinki, sai an ɗiɗɗiga soda, irin mai ƙarfin nan ta masu yin sabulu, kafin garin ya yarda ya kwanta. Kowa a lab haka yake yi. Murhun lantarki kuwa ɗaya ne tal muke layi a kansa, don haka na roƙi malamin da ke duba aikina, Dakta muke ce masa, ya bar ni in riƙa dafa ganyen a gida, in layi ya zo kaina sai haɗawa kawai. Ya yarda, da sharaɗin in sayi sabuwar tukunya in kuma ɗauki tataccen ruwa daga lab. Bishiyar zogale tana tsakar gidanmu kusa da rijiya. Na tsinko, na wanke, na ɗora a kurfoti, na ja wa kowa kunne cewa wannan ba girki ba ne, kada a sa min komai a ciki. Goggo ta ce in tafi harkokina, ita za ta kula min da wutar.

Washegari na shiga lab da kwalbata a jaka. Na haɗa, na miƙa hannu zan ɗauko soda ke nan, sai na ga ruwan ya fara gurɓacewa da kansa. Kafin in ƙifta ido gari ya soma kwanciya.

Babarbariya ta leƙo ta ce, "'Yar Fillo, me kika zuba?"

Na ce, "Wallahi ban zuba komai ba."

Sau uku ina dafowa daga gida, sau uku yana kamawa ba soda. Muka gwada garin a farantan da ake renon ƙwayoyin cuta, duk inda aka ɗiga shi sai ka ga fili ya buɗe tas, ƙwayoyin sun mutu kewaye da shi. Dakta bakinsa har kunne. Ya ce in dai zogale shi kaɗai zai iya wannan, to mun zo da sabon abu, domin soda aba ce mai ƙuna da ake son a rage amfani da ita. Ya sauya wa kundin bincikena take, ya tsayar da ni a gaban malamai da ɗalibai na yi bayani, aka tafa min. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura. Har tafiyata sai da ta sauya.

Daga nan Dakta ya ce to yanzu a yi komai a lab tun daga dahuwar ganye, a gaban ido, domin mai jarrabawa da zai zo daga wata jami'ar ba zai karɓi zancen kurfotin gida ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na kawo ganye daga bishiyarmu, na dafa da yamma a murhun lab, na tace, na sa a firij ya kwana. Da safe na haɗa. Shiru. Ruwa ya tsaya garau kamar shayin da ba madara. Na juya har hannuna ya ƙage, ko gezau. Na sake a mako na gaba, haka. Sai da na yi sau biyar, ban ga ko ƙurar gari ba.

Ranar na biyar ɗin Dakta ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi kafin ya ce, "Malama, ki gaya min tsakaninki da Allah. Kina ɗiga soda a gida kafin ki kawo?"

Na ji kamar ya watsa min ruwan zafi. Na ce, "Haba ranka ya daɗe! Ni?"

Ya ce shi ba ya son ya zarge ni, amma ya riga ya faɗa wa duniya sakamakon nan da bakinsa. In har abin bai maimaitu a lab ba, dole ya miƙa maganar ga kwamiti a matsayin sakamakon ƙarya. Na san abin da ke biyo bayan wannan: kora, da tambarin maƙaryaciya da zai bi ni duk inda na nemi aiki a garin nan. Shekara biyu na wahala, da sunan gidanmu, duk a kan kwalba ɗaya.

Na fito raina a ɓace, 'yar sandar da ke cikina ta miƙe tsaye. Ganye dai bishiya ɗaya ce. Ruwa jarka ɗaya ce. Kwalabe da hannuna nake wankewa. Har Goggo sai da na titsiye da na koma gida, na ce ko ta taɓa sa min wani abu a tukunya, ta ce, "Ni 'yar nan? Ko gishiri ban taɓa sa miki ba, ba ke kika hana ba?" Na yarda da ita, don Goggo ba ta ƙarya ko da wasa. Na zauna na yi ta lissafi, sai na gano bambanci ɗaya. Ruwan da nake dafowa a gida daga jakata yake zuwa benci, ba ya shiga hannun kowa. Na lab kuwa sai ya kwana a firij. Makullin firij ɗin kuma yana hannun mutum ɗaya, wadda ta fi kowa sammako: Babarbariya.

Da farko na yi a'uziyya na kori tunanin. Amma da zarar zargi ya shige ni, komai na gani sai ya zama shaida. Na tuna ranar da aka tafa min, ita tafinta bai yi ƙarfi ba. Na tuna ta taɓa cewa, cikin wasa, wai darbejiyarta ta zama 'yar bora tunda zogale ya yi suna. Na lura tana yawan ƙus-ƙus da dattijon da ke kula da kayan lab, in na shigo su yi shiru. Ko dariyarta da nake so, sai na fara jin kamar da biyu take yin ta.

Wata safiya na shigo na same ta tsaye a bakin taga da kwalabena biyu a hannu, ragowar na gida da na lab, tana ɗaga su a haske. Har ta tsoma yatsa a ɗaya tana murzawa.

Na ce, "Me kike yi da kayana?"

Ko a jikinta. Ta ce, "Zo ki gani, 'Yar Fillo. Na gidan nan ya fi duhu, kuma ji yadda yake da santsi a hannu. Kin taɓa auna shi kuwa?"

Abin da take nufi, akwai wata 'yar takarda da ake tsomawa a ruwa, launinta ya sauya ya nuna ko ruwan mai tsami ne ko mai kaifi irin na soda. Tamu ta ƙare tun farkon zango, na'urar da ke wannan aikin kuma ta lalace, ni kuwa da nake ganin nasara ban damu in nema ba. Tambaya ce ta hankali, amma ni abin da kunnena ya ji shi ne: ke ma kin sa soda. Wato ita da Dakta bakinsu ɗaya ke nan. Na fizge kwalabena na ce, "Ki auna naki. Nawa ba ruwanki da shi."

Ta bi ni da kallo ta ce, "Ikon Allah. Yau kuma Fulanin da faɗa suka tashi?" Na juya mata baya. Ranar Asabar ta zo gidanmu kamar kullum, na ce wa Goggo ta ce ina barci.

Sai na ɗana tarko. Na dafa sabon ruwa a lab, na ciro zare ɗaya daga bakin mayafina na maƙale shi a ƙarƙashin murfin kwalbar yadda ba mai lura, na ajiye ta cikin firij, a sama daga dama, na tafi. Da safe Babarbariya tana zuwa ta buɗe firij, na yi maza na leƙa. Kwalba ta koma can ƙasa ta hagu. Zare babu shi.

Ban tsaya tambaya ba. Dakta yana cikin lab a lokacin tare da ɗalibai kusan shida, Babarbariya ta shigo ke nan ko jakarta ba ta ajiye ba. Na ɗaga kwalbar sama na ce, "Ranka ya daɗe, ga mai ɓata min aiki nan. Ita ke da makulli. Na sa alama jiya, yau an taɓa. Tun da aka tafa min take baƙin ciki da ni, kullum sai ta zuba min wani abu a ruwa don a ce ƙarya nake!"

Ta kalle ni kamar ba ta gane yaren da nake yi ba. Ta ce, "Ni?"

Na ce, "Ke fa! Munafuka."

Allah ya sani, wannan kalmar ita ta fi komai ci min rai a yau. Ta juya wurin Dakta ta ce an ɗauke wuta jiya da yamma bayan na tafi, shi ne ta dawo ta mayar da kwalaben kowa ƙasa kusa da ƙanƙara don kada su lalace, ba tawa kaɗai ba. Na ce ƙarya ne, shiri ne. Ta buɗe jakarta, ta ɓalle makullin firij daga cikin makullanta, ta ajiye a kan benci a hankali, ta fita.

Dakta bai ce ta yi ba, bai ce ba ta yi ba. Don a zauna lafiya ya nema mata gurbi a lab ɗin wani sashe, can ƙarshen ginin. Amma magana ta riga ta fita. Na ji da kunnena ana cewa in ta shiga wuri, mutane sai su janye kwalabensu. Ni kuwa a lokacin har wani sanyi na ji a raina, na ce Allah ya tona asirinta.

Makulli ya dawo hannuna. Na dafa, na kulle firij da kaina, na tafi da makullin gida na sa a ƙarƙashin matashi. Da safe zarena yana nan daram. Na haɗa ina murmushi.

Shiru. Shayi ba madara.

Na ce to wataƙila kwanan firij ɗin ne ba ya so. Na dafa na haɗa nan take da ɗuminsa, ban matsa ko nan da can ba. Shiru. Amma maimakon in ce na yi kuskure, sai na ƙara zurmawa. Na ce ta haɗa baki da dattijon nan an gurɓata min gishirin zinki. Na karɓo sabo a rufe daga wani sashe, bai kama ba. Har na kai ga tunanin ko wani abu aka yi min aka binne, ni da nake karatun kimiyya! Na rame, na daina cin abinci, kowa ya gaishe ni a lab sai in tsaya ina nazarin gaisuwar. Dakta ya kira ni ya ce ya ba ni mako biyu. Na roƙe shi ya bar ni in dafo a gida in kawo, ya girgiza kai ya ce, "Malama, ai gidan ne matsalar."

Wannan maganar ta tsaya min a rai. Ranar Asabar bayan azahar na ce bari in yi dahuwar gida, amma wannan karon zan rubuta komai, tun daga yawan gawayi har minti nawa ruwa ya ɗauka kafin ya tafasa. Na hura kurfoti a gindin zogalen, na ɗora tukunya, na ja kujera 'yar tsugunno na zauna da littafi da biro.

Goggo ta fito daga ɗaki ta ce, "Tashi ki je ki huta, na kula miki."

Na ce, "A'a Goggo, yau da kaina zan zauna."

Ta koma ta ɗauko tsintsiya tana share inda ba datti. Ta zagayo ta leƙa tukunyar, ta tafi. Ta dawo ta sake leƙawa, ta yi tsaki. Ruwa ya tafasa, ganye ya fara sauya launi. Aka kira la'asar a masallacin unguwa, ta ce, "Ba za ki yi salla ba ne?" Na ce sai na sauke. Ina kallonta ta wutsiyar ido, sai mutsu-mutsu take yi, hannunta yana kan haɓar zaninta. Can dai ta kasa daurewa.

Ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki. To matsa in jefa miki kanwar, kin bar ganye zai yi ja."

Ta kwance haɓar zani, sai ga 'yar jar kanwa a tafin hannunta, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba.

Biro ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Goggo, mene ne wannan?"

"Kanwa mana. Yau kika fara ganinta?"

"Kina sa min ita a tukunyar nan?"

"Yo in ban sa ba wa zai sa? Ke kin ɗora ganye kin yi gaba. Tun ranar farko ni nake jefa miki."

Na miƙe tsaye, har kujerar ta kife. Na ce, "Goggo! Ban ce kada a sa min komai ba? Ban dawo na tambaye ki ba, kika ce ba ki sa komai ba?"

Ta riƙe haɓa tana kallona da mamaki na gaskiya. Ta ce, "To ai ban sa komai ba, 'yar nan. Na sa gishiri ne? Na sa magi? Na sa mai? Kanwa ce fa kawai. Ana dafa zogale ba kanwa ne? Ke da karatunki har jami'a ba ki san wannan ba? Haka za ki je gidan miji ki ba shi ganye yana ja kamar igiya?"

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na koma na zauna a ƙasa dirshan. Kanwa da soda ai 'yan gida ɗaya ne, aikin da waccan take yi a kwalba shi wannan take yi, sai dai ita kanwa ta fi sauƙin kai. Duhun nan da santsin nan da aka nuna min a bakin taga, kanwa ce. Zogalena bai taɓa yin abin al'ajabi ba. Dakta ya yi gaskiya, ana sa wani abu a gida. A wurin Goggo kuwa kanwa ba ta cikin lissafin komai, kamar yadda ba za ka ce ka sa wa tuwo ruwa ba. Na so in yi mata faɗa, na buɗe baki, sai kuka ya zo. Ta rikice tana cewa, "Me na yi? Ko ta yi yawa ne?" Ni kuwa ba kundin nake wa kuka ba a lokacin. Fuskar da ta ce min "Ni?" ita nake gani.

Ranar Litinin na je da kanwar a ƙulle a takarda. A gaban Dakta na dafa ganye kashi biyu a murhun lab, ɗaya na jefa kanwa, ɗaya ban jefa ba. Mai kanwa ya kwantar da gari tun ban gama juyawa ba. Na ba shi labarin Goggo, ya yi dariya har da hawaye, yana ta maimaita, "Na sa gishiri ne? Na sa magi?" Ya ce ba zancen kwamiti, kuskure ne ba ƙarya ba, ko da yake sakacina ne da ban auna ruwan ba tun farko. Ya ce za mu janye waccan maganar a gaban waɗanda muka faɗa wa, mu sauya take, mu auna kanwar da kyau mu ga ko za ta iya maye gurbin soda, wanda shi ma abin dubawa ne. Sunana ya tsira. Ina shirin yin godiya sai ya daina dariya, ya mayar da tabaransa ya ce, "To, waccan baiwar Allah fa?"

A ranar na tara waɗanda suka ji zargin na ce musu ƙazafi na yi mata, ba ta taɓa min komai ba. Suka yi ta kallon ƙasa. Dattijon da ke kula da kaya ya ce, "Ƙus-ƙus ɗin da kike gani muna yi, roƙona take in nemo miki takardar awo a wani sashe, ta ce kada ki ji, don kin fiye zuciya." Na je lab ɗin da aka mayar da ita, aka ce ta gama gwaje-gwajenta, a gida take rubutu.

Da yamma na tafi Gwale. Mahaifiyarta ta karɓe ni da fara'a a ɗakinta mai ƙamshin turaren wuta, ta kawo min ruwa, ta ce kwana biyu ta daina ganina. Daga yadda take min na gane 'yarta ba ta gaya mata komai ba. Ta ƙwala mata kira ta ba mu wuri.

Babarbariya ta shigo da sallama ta zauna nesa kaɗan. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malama."

Malama. Tunda muka haɗu ban taɓa jin wannan kalmar a bakinta ba. Na daure na ba ta labarin tun daga kurfoti har haɓar zani, har muryar Goggo na kwaikwaya. A duniya ba wanda zai fi ta jin daɗin wannan labarin. Da a da ne, da sai ta kwanta a tabarma tana dariya, ta yi shekara tana cewa Fulani ba su san kanwa ba. Ta ɗan murmusa kawai ta ce, "Allah sarki, Goggo."

Na durƙusa na ce, "Don girman Allah ki yafe min. Na zalunce ki, na shafa miki kashin kaji a gaban mutane, kuma na faɗa musu yau cewa ƙarya na yi miki."

Ta tashi ta shiga ƙuryar ɗaki, ta fito da wani ɗan ƙaramin kwali ko ɓare shi ba a yi ba, ta ajiye a gabana. Takardun awo ne. Ta ce, "Ranar nan na samo miki. Suna cikin jakata lokacin da kike magana. Ki tafi da su, za su yi miki amfani a aikin kanwar." Sannan ta ce, "Na yafe miki, Malama, duniya da lahira. Tashi, ba kyau durƙuso."

Ta rako ni har bakin zaure. Na tattaro ɗan ƙarfin halin da ya rage min na ce, "To Babarbariya, yaushe za ki zo ki wanke min kwalabe?" Na tsaya ina jira ta rama. Ta gyara mayafinta ta ce, "Ki gaida gida."

Mun gama tare, an yaye mu rana ɗaya. Da takardunta na auna ruwan kanwar da ya cika kundina. Yanzu tana koyarwa, ni ma ina koyarwa, mukan haɗu a taro ko gidan biki, ta gaishe ni da mutunci, ta tambayi aiki, ta tambayi Goggo. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba ko sau ɗaya, kuma ba wanda ya sake ce min 'Yar Fillo.

Goggo ta tsufa sosai yanzu, idonta ya yi rauni, ban kuma taɓa gaya mata abin da na aikata ba. Ranar Asabar da ta wuce na same ta a gindin zogalen tana murza ƙuli-ƙuli a kan ganye, ta zuba kwano biyu. Ta ce, "Wai ina ƙawar nan taki mai dariya, mai zagin Fulani? Ta yi fushi da kwaɗona ne? Ki ce mata ina nan ina ajiye mata nata."

Na ce, "To, Goggo."

Na ɗauki kwano na biyun na rufe shi da faifai.